Yadda ake lissafa nisa da awannin jirgi daga Kano zuwa Jidda ko Madina, ko kana ƙauye da ƙaramar wayarka

Shekarar da Goggonmu ta tafi aikin Hajji ne na fara zama na koyi wannan lissafin, saboda irin tashin hankalin da muka shiga a gidan nan ba gaira ba dalili. An ce mana jirginsu ya ɗaga da daddare, wani ya ce ai awa huɗu ce tafiyar, sai Baffa ya ƙirga da yatsunsa ya ce to kafin asuba za ta kira. Asuba ta yi shiru, hantsi ya yi shiru, mata suka fara taruwa a tsakar gida ana salati, Baffa ya aiko yaro har shagon cajin da nake zama a bakin kasuwa ya ce "ka ce wa yaron nan ya duba mana a wayarsa ko lafiya." Ashe lafiya ƙalau take, tana can zaune a kan jakarta a layin masu duba fasfo, kuma layin wayarta na gida ba ya aiki a can. Sai bayan azahar muka ji muryarta a wayar wata baiwar Allah 'yar Gumel da suka tafi tare.

Tun daga nan duk wanda nasa zai hau jirgi a ƙauyen nan namu na ƙasar Ringim, ko Hajji ko Umara ko yaro mai tafiya karatu, wajena ake zuwa, shi ya sa na ce bari in rubuta yadda nake yi daki-daki kowa ya iya da kansa, don abin ba wuya gare shi ba wallahi, in ka iya lissafin kuɗin taki ka iya wannan.

Abu na farko, ka tabbatar da filayen jirgin guda biyu, wanda za a tashi da wanda za a sauka. Kar ka ce "ai Makka za su" ka tsaya nan, don Makka ba ta da filin jirgin fasinja, ko dai a sauka a Jidda a filin Sarki Abdul'aziz, ko a Madina a filin Yarima Muhammad bin Abdul'aziz. A nan gida kuma mu mutanen Jigawa wani lokaci daga Dutse ake ɗibar alhazanmu, filin da aka buɗe a 2014, wani lokaci kuma mutum ya bi ta Kano, filin Malam Aminu Kano, wanda shi ne mafi tsufa a duk Najeriya. Kowane babban fili yana da haruffa uku da ake gane shi da su a duniya, kuma su za ka gani a jikin tikiti da takardar da ake liƙa wa akwati: Kano KAN, Jidda JED, Madina MED, Abuja ABV, Legas LOS, Alƙahira CAI. Ka karɓi tikitin ko hotonsa a WhatsApp ka nemo haruffan nan da idonka. Kar ka dogara da "an ce", don an ce ɗin nan ita ta sa wani maƙocinmu ya yi ta gaya wa mutane matarsa tana Madina alhali Jidda aka sauke su.

To ka san filayen, sai nisa. Hanya mafi sauƙi in kana da data, ka buɗe Google Maps, ka rubuta sunan filin Kano, ka danna yatsanka a kansa ka riƙe har jan alamar nan ta fito, ka ja bayanin da ya fito daga ƙasa zuwa sama, za ka ga wajen da aka rubuta Measure distance, wato auna nisa, ka taɓa shi. Daga nan sai ka dinga jan taswirar da yatsa kana nufar gabas, za ka ga wani zare yana binka, ka wuce Chadi, ka wuce Sudan, ka tsallake Bahar Maliya har ka ɗora a kan filin Jidda. Lambar da za ta fito a ƙasa ita ce nisan. Zai ba ka kilomita 3,400 da 'yan kai. In Madina ce kuma wajen 3,560. Mu nan sabis sai ka hau kan tudun bayan makaranta yake kamawa sosai, don haka in ka ga taswirar ta ƙi buɗewa ba wayarka ce ta lalace ba, canja waje kawai.

Wani kuskure da ake yawan yi, mutum ya danna wajen neman hanya irin ta mota, sai ta ba shi wata lamba mai ban tsoro ko ma ta ce babu hanya. Jirgi ba ya bin kwalta. Ka duba Kano zuwa Abuja, a mota ta Zariya da Kaduna ya haura kilomita 400, amma ta sama tsakanin filayen biyu wajen 365 ne kacal. Kano zuwa Legas ta sama wajen 835.

Sannan ka kula da ma'aunin da aka ba ka, nan ma ana shan ruɗu. Wani shafin kilomita yake bayarwa, wani mil, wani kuma mil ɗin matuƙa jirgi wanda ya fi na ƙasa tsawo. Mil ɗaya na ƙasa kilomita 1.6 ne, na matuƙa kuma 1.852. Don haka in ka ga an rubuta Kano zuwa Jidda 2,130 kar ka ce an yi maka ƙarya, mil ne, ninka shi da 1.6 za ka dawo kan 3,400 ɗinka. Kamar dai kwanon awo ne, tiya daban mudu daban, hatsin ɗaya ne.

In kuma ba data, ko kai mutum ne irina mai son ya ga daga ina lambar ta fito, ga yadda ake yi da biro da takarda da kalkuletar waya. Wanda lissafi ke sa wa ciwon kai ya tsallake nan, ba zai yi asarar komai ba. Kowane waje a duniya yana da lambobi biyu na digiri, ɗaya tana nuna nisansa arewa ko kudu, ɗaya gabas ko yamma. Filin Kano yana kan digiri 12.0 arewa da 8.5 gabas. Na Jidda 21.7 arewa da 39.2 gabas. Ka ɗebe na arewa daga na arewa, 21.7 a cire 12.0, saura 9.7. Kowane digiri ɗaya in kana yin arewa kilomita 111 ne, sai ka ninka, ya ba ka 1,077. Ka ɗebe na gabas, 39.2 a cire 8.5, saura 30.7. Amma shi digirin gabas yana tsukewa ne duk sanda kake ƙara yin arewa, kamar yadda zanen jikin kabewa ke haɗuwa a wajen hancinta, a tsakanin Kano da Jidda wajen kilomita 106 yake, sai ka ninka 30.7 da 106, ya ba ka 3,254. Yanzu ka ninka 1,077 da kansa, ka ninka 3,254 da kansa, ka haɗa su, za ka samu miliyan 11 da dubu 748 da wani abu. Ka kwantar da wayar a gicciye kalkuletar ta buɗe sosai, ka nemi alamar nan √ mai kama da makin da malami ke ba wanda ya ci, ka danna ta a kan lambar. Amsa 3,428 za ka gani. Ka ga kusan daidai da abin da taswira ta faɗa. Ranar da na fara yin wannan ya fito daidai sai da na sayi tsire na kaina. Wannan dabarar dai ta tafiya irin wannan ce, in nisan ya kai irin Amurka ko Sin ba za ta ba ka daidai ba, can sai dai taswira.

Ka samu nisa, saura lokaci, kuma nan ne mai sauƙin. Manyan jiragen fasinja in sun daidaita a sama suna gudun kilomita 800 zuwa 900 a awa ɗaya, ni 850 nake ɗauka. Ka raba nisan da 850, sannan ka ƙara minti 30 a kai. Minti talatin ɗin nan na hawa ne da saukowa, don jirgi ba ya tashi da cikakken gudunsa, sai ya hau sama kilomita 10 zuwa 12 tukuna, haka nan in zai sauka tun daga nesa yake rage gudu yana gangarowa a hankali.

Mu gwada. Kano zuwa Jidda, 3,430 a raba da 850, ya ba da 4.03, wato awa huɗu da 'yan mintoci, ka ƙara 30, awa huɗu da rabi kenan. Kano zuwa Madina, 3,560 a raba da 850, ya ba da 4.19. Nan fa ka nutsu, don 4.19 ba awa huɗu da minti goma sha tara ba ne, awa ba ɗari take cika ba sittin ce. Abin da ke bayan ɗigon za ka ninka da 60, wato 0.19 sau 60, minti 11. Awa 4 da minti 11, ka ƙara 30, ya zama awa 4 da minti 40 haka. Na taɓa gani da idona wani mai digiri ya karanta 4.5 a matsayin huɗu da minti hamsin, alhali huɗu da rabi ce. Kano zuwa Legas, 835 a raba da 850 ya kusa awa ɗaya, da ƙarin 30 awa ɗaya da rabi. Kano zuwa Abuja minti 26 ne a lissafi, da ƙarin ya kusa awa guda, ka ga a gajeriyar tafiya hawa da saukar ma sun fi tafiyar kanta cin lokaci. Masu tambaya ko tashi daga Dutse ya fi kusa da tashi daga Kano tunda Dutse tana gabas, eh ya fi, amma da kilomita 70 ne haka, a jirgi minti biyar kenan, bai kai a yi musu a kansa a majalisa ba.

Wannan lissafin na miƙaƙƙiyar hanya ne fa, kuma ba kullum jirgi ke samun miƙewa ba. Zaren da ka ja a taswira ta kan Sudan ya bi. Da yaƙi ya ɓarke a can a watan Afrilun 2023 aka rufe sararin samaniyar ƙasar, dole jiragen alhazan shekarar suka dinga zagaye, tafiyar ta ƙara tsawo sosai, har kamfanonin jiragen suka nemi ƙarin kuɗi a kan kowace kujera. Don haka in tikiti ya nuna awannin da suka fi lissafinka da awa ɗaya ko biyu, ba kai ka yi kuskure ba, zagaye ake. Iska ma tana da nata, in tana bayan jirgi ta tura shi ya isa da wuri, in gaba take ta riƙe shi, shi ya sa zuwa da dawowa ba su cika zama daidai minti da minti ba. Ga kuma hazo, mu da muke nan mun san yadda gari ke rufewa a watan Disamba da Janairu har ba ka hango bishiyar ƙarshen gonarka, irin wannan ranakun jirgi kan yi jinkirin tashi ko sauka a Kano.

Masu Umara da ɗalibai kuma da yawa ba kai tsaye suke tafiya ba, ana yada zango da su. In ta Masar ne, sai ka yi lissafin gida biyu. Kano zuwa Alƙahira wajen kilomita 3,100, awa huɗu da 'yan mintoci. Alƙahira zuwa Jidda wajen 1,200, kusan awa biyu. Kowanne da nasa minti 30 ɗin, kar ka manta. Sannan ka ƙara zaman jiran da za a yi a tsakani, wanda shi ba lissafi ke bayar da shi ba, a tikiti yake, wani awa biyu wani sai ya kusa kwana a kan benci.

Yanzu ga wajen da ya fi rikita mutane, agogo. Saudiyya tana gabanmu da awa biyu cif, rani da damina ba ya canjawa. In ƙarfe 12 na rana ce a Ringim, ƙarfe 2 ce a Makka. Kuma ƙa'idar tikiti ita ce kowane lokaci da aka rubuta na garin da abin zai faru ne, lokacin tashi agogon garin tashi, lokacin sauka agogon garin sauka. Misali an rubuta tashi daga Kano 23:00, sauka a Jidda 05:30. In ka ƙirga haka kawai za ka ce awa shida da rabi, amma ka cire biyun nan, huɗu da rabi ce, kuma a lokacin da suke sauka agogon ɗakinka ƙarfe 3:30 na dare yake nunawa. A dawowa abin juyawa yake, an rubuta tashi daga Jidda 10:00, sauka a Kano 12:30, sai ka ga kamar awa biyu da rabi, har wani dattijo ya ce min "ɗana, ashe dawowa gangara ce?" Na ce a'a Baba, awa biyun da aka ranta ce aka biya. Ni abin da nake yi, da zarar na karɓi tikiti sai in mayar da komai agogon gida in rubuta a bayan takarda, in na Saudiyya ne in cire biyu, daga nan ba sauran ruɗani.

Lambobin nan na 23:00 da 17:45 kuma, duk abin da ya haura 12 ka cire masa 12, 17:45 shi ne shida saura kwata na yamma. Ka yi hattara da irin 00:40, wannan ƙarfe ɗaya saura ne na dare, kuma ranar da aka rubuta a gefensa ta riga ta shiga tun sha biyun dare, ma'ana in an rubuta Talata 00:40 to ranar Litinin da yamma ya kamata ka kasance a filin jirgi. Wannan ya sa mutane da yawa sun rasa jirgi. In ka ga +1 a gefen lokacin sauka, washegari ake nufi.

Amfanin sanin awannin bai tsaya ga masu jira a gida ba, shi kansa matafiyin yana buƙata. Wanda za a sauke a Jidda ya wuce Makka kai tsaye, a sama zai ratsa miƙati kafin jirgin ya sauka, don haka ya kamata ya san in an tashi ƙarfe kaza to wajen ƙarfe kaza ya zama cikin shiri da haraminsa, kar ya tsaya sai an yi sanarwa ya fara kokawa da jaka a ɗan matsattsen bayin jirgi mutum ɗari na layi. Wanda aka fara kaiwa Madina shi ba ruwansa da wannan a jirgi, sai ranar da za su fita zuwa Makka su ɗauki harami a Zul Hulaifa, miƙatin mutanen Madina. Hukuncin abin dai malaman bita za su faɗa maka, ni nawa agogo ne. Haka sallah, tunda gabas ake nufa lokaci gudu yake, wanda ya tashi da daddare zai ga alfijir ya riske shi tun agogon hannunsa na cewa da sauran dare. Masu ciwon suga da hawan jini kuma, maganin ya kasance a ƙaramar jakar hannu, ba a akwatin da aka auna aka wuce da shi ba.

Sai bibiyar jirgin in ya tashi. A tikiti akwai lambar jirgi, haruffa biyu da lambobi a gabansu. Ka sauke manhajar bibiyar jirage ta Flightradar24 ko ka rubuta lambar kawai a Google, zai nuna maka ko ya tashi, ƙarfe nawa ya tashi na gaskiya, da lokacin da ake sa ran saukarsa. A Flightradar24 har ɗan hoton jirgin za ka gani yana tafiya a kan taswira. Bara da muka bi na wani abokina yara sun cika shagon nan maƙil suna leƙe, kowa na cewa ga shi can ga shi can. Abu ɗaya, wani lokaci in jirgin ya shiga tsakiyar sahara sai ka ga ya ɓace ko ya tsaya cak, kar gabanka ya faɗi, na'urorin da ke kamo shi daga ƙasa ne babu a wajen, in an jima zai dawo. Kar ka kuskura ka nuna wa tsofaffi wayar a daidai wannan lokacin. Jiragen alhazai kuma ba kamar na kasuwa ba ne, lokacinsu yana motsawa, ana iya kiran mutum sansanin alhazai ya kwana ɗaya ko biyu kafin a ɗebe su, don haka kar ka fara ƙirga daga sanda ya bar gida ko sanda ya shiga sansani. Ka ce masa in ya zauna a kujerarsa an rufe ƙofa, kafin a ce a kashe waya, ya yi maka filashin ko ya turo "mun shiga". Daga nan agogonka zai fara.

To yaushe za a sa ran kira, wanda shi ne ainihin abin da Baffa yake son sani ranar nan. Ka ɗauki lokacin filashin ɗin, ka ƙara kamar rabin awa na jan jiki zuwa titin tashi, ka ƙara awa huɗu da rabi zuwa shida na sama gwargwadon ko an miƙe ko an zagaya. Wannan sauka ce kawai. Bayan ita akwai layin duba fasfo da ɗaukar hoton yatsu, akwai jiran akwati, akwai jiran motar da za ta kwashe su, a lokacin Hajji da jirage ke sauka daga ko'ina a duniya wannan kaɗai yana iya cin awanni. In Jidda ce akwai tafiyar mota ta kusan kilomita 100 zuwa Makka, in Madina ce masauki ba nisa. Sannan sai mutum ya samu layin can ko ya roƙi wayar wani, ga gajiya, ga tsohuwar da ba ta haddace lambar kowa ba. Ni yanzu in za a yi tafiyar ina rubuta lambobi biyu na gida da manyan baƙi a takarda, da +234 a farko an cire sifilin, in sa a leda a cusa a jakar wuyan da fasfo yake ciki. 'Yan gida kuma in ce musu daga filashin ku ba shi awa goma sha biyu cur kafin kowa ya fara zancen shiru.

Da Inna ta tafi bana haka na yi, na rubuta a bangon shago da alli: filashin 9:20 na dare, sauka wajen 3 na dare agogonmu, kira kafin 9:30 na safe. Baffa ya zo da kansa bayan sallar asuba ya tsaya yana kallon rubutun, ya ce "yanzu tana ina?" Na duba na ce ta sauka Baffa, tana layi. Ya ce to, ya ja carbinsa ya zauna a bencin. Takwas da 'yan mintoci wayarsa ta yi ƙara, baƙuwar lamba mai +966 a gaba.